Usur ɗin da Ban Busa wa Surukina Ba

Ku da kuka samo takardar gadin kwamin iyo, wato wurin ninƙaya da aka gina, a bana, na ji hirarku a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Wai aikin ceto aikin hutu ne, a hau doguwar kujera, a sa baƙin tabarau, ƙarshen mako a karɓi albashi. Har ɗayanku ya ce baɗi bakin teku zai koma, tunda can an fi biya, ga kuma kallo kyauta. Ban tanka muku ba, don ba a tsaye ake irin wannan magana ba. Ni Isufu na yi shekara goma sha huɗu ina wannan aiki a bakin teku, duk lokacin zafi, na busa wa mutanen da ban san adadinsu ba usur. Mutum ɗaya ne na kasa busa wa, kuma saboda haka aka yi zaman makoki a gidana. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan.

A Gaya aka haife ni, a bakin kogi, mahaifina kuwa masunci ne. Ban tuna ranar da na koyi iyo ba, kamar yadda ku ba ku tuna ranar da kuka koyi Turanci ba. Da na zo garin nan na Greensboro na kama ɗaki a unguwar Glenwood, ina ɗaga kwalaye a wani sito da ke titin Wendover, ranar hutu kuma ina wanke kwamin iyo na gidajen haya. Wani abokin aikina ya ga ina iyo bayan na gama wanki, ya ce min wani gari a bakin teku yana ɗaukar masu ceto daga watan Mayu zuwa Satumba. Tafiyar awa uku da 'yan kai ce a hanyar Wilmington. Na je da tsohuwar motata da girman kaina, kuma motar ce ta fi daɗewa.

Wadda ta koya min aikin wata Baturiya ce, Kyaftin Debi, gajeriya, rana ta ƙona ta har ta yi jawur, muryarta a dushe saboda shekarun ihu cikin iska. Na ci jarrabawar gudu a rairayi, na ci ta iyo, har na riga samarin jami'a fitowa. Ta dube ni ta ce na iya iyo, saura in koyi ruwa. A raina na ce wannan mata ba ta san ɗan waye ni ba. Washegari da hantsi ta jera mu a bakin ruwa, ta ce kowa ya nuna inda zai shiga da a ce shi baƙo ne da ya zo da iyalinsa. Hagu da dama igiyar ruwa na tasowa tana fashewa da farin kumfa, a tsakiya kuwa akwai wani wuri mai faɗin titi, lumui, ruwansa ya ɗan fi duhu. Na nuna nan. Ta ce to, shiga. Na shiga, ban yi taku goma ba ƙasa ta ɓace a ƙarƙashina, da na waiwaya sai na ga su Kyaftin sun yi ƙanana. Na juya na nufi tudu kai tsaye da dukan ƙarfina. Ina iyo, ina iyo, tudu na ƙara nisa. Sai da hannuwana suka yi nauyi na fara shan ruwan gishiri sannan ta iso gefena a kwance a bayanta, kamar mai hutawa a kan tabarma, ta ce, "Ka gama? To bi ni ta nan." Muka yi gefe, a layi ɗaya da gaɓa, iyon da bai kai na minti ɗaya ba, sai igiyar ruwa ta ɗauke mu ta ajiye a inda ƙafa ke taɓa ƙasa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na san wannan tun ina yaro. A kogi ba wanda ke tunkarar ruwa gaba da gaba, a karkace ake yanke shi. Amma a kogi kana ganin ruwan yana tafiya. A teku idona ya ce min ga tudu nan kusa, sai na bi idon na manta abin da mahaifina ya koya min.

Wannan wuri shi ake kira rif. Igiyoyi suna turo ruwa zuwa gaɓa, su tsallake wani tudun rairayi da ke kwance a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya taru ba hanyar komawa. Sai ya nemi inda tudun ya yi rauni ya fasa, ya koma teku ta nan da gudu, ƙorama ke nan a cikin teku. Tunda wurin ya yi zurfi, igiya ba ta fashewa a kansa, shi ya sa ya fi ko'ina kyan gani ga wanda bai sani ba. Rif ba ya jan mutum ƙasa, nesa yake kai shi, kuma in ya wuce inda igiyoyi ke fashewa sai ƙarfinsa ya mutu. Gajiya da firgita ne ke nutsar da mutum. Wanda ya kwanta a bayansa ya bar ruwan ya tafi da shi, ya ɗaga hannu ɗaya, za mu same shi da ransa. Wanda ya iya iyo ya yi gefe. Na faɗi wannan sau dubu, amma ranar da ruwa ya ɗauki mutum, abin da zuciyarsa ke faɗa masa kawai shi ne ya koma wurin takalmansa.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai wata jar roba mai iska a ciki, mai hannuwa a gefe da igiya da ake ratayawa a kafaɗa. Ni gora nake ce mata, don a Gaya a kan gora masunta ke kwanciya su bi ruwa, har abokan aikina suka koyi sunan. Ba a shiga ruwa ba tare da ita ba, ko da ɗanka ne a ciki. Akwai takalmin iyo mai kama da ƙafar agwagwa, da madubin hangen nesa, da oba-oba ta kiran hasumiya ta gaba, wato doguwar kujerar mai ceton da ke kusa da kai, da tutoci uku, kore da rawaya da ja. Tabarau ɗin da kuke wa dariya ba na gayu ba ne, yana kashe ƙyallin rana don ka ga launin ruwa, ka gane inda ya yi duhu. Sai usur. Shi ne mafi ƙanƙanta da araha, kuma shi ya fi dukan sauran ceton rai, don mutumin da ka tsayar tun ruwa na idon sawunsa ba sai ka je ɗauko shi ba. Kyaftin takan ce mai ceton da ya wuni a bushe ya fi wanda ya shiga ruwa sau goma iya aiki.

Aikin yana farawa tun kafin baƙi su zo. Za ka duba hasashen yanayi, ka ga tsayin igiya, da tazarar da ke tsakanin wata da wata, da inda iska ke busowa, da lokacin da teku zai cika da lokacin da zai janye. In igiyoyi suna zuwa da tazara mai yawa, a natse, kamar ba su da niyyar komai, to daga nesa suka taso kuma da nauyi suke tafe. In teku ya janye, rif ya fi ƙarfi. Bayan ka karanta duk wannan sai ka shiga da kanka ka ji da jikinka, don tudun rairayin jiya ba lallai yana nan yau ba. Sannan a sa tuta. Daga nan ka hau kujera ka yi ta ƙirga kawuna daga hagu zuwa dama, ka dawo, ka sake, awa takwas. Ba waya, ba hira. Wanda ke nutsewa ba ya ihu irin na talabijin, ba shi da numfashin yin ihu. Za ka ga kai ya karkata baya, gashi ya rufe fuska ba a share ba, hannuwa suna danna ruwa kamar mai hawa tsani. In ka ga haka, abin da ya rage masa bai kai lokacin da za ka ɗaura takalmi ba.

Wani ƙato da na taɓa ɗaukowa, irin masu ɗaga ƙarfe, ya koya min dalilin da ya sa ake miƙa gora kafin a miƙa hannu. Na matsa kusa da shi fiye da kima, sai ya cafke wuyana ya hau kaina. Ba mugunta ba ce, a lokacin ni da kututturen itace duk ɗaya ne a wurinsa. Na nutse da gangan na yi ƙasa, don mai nutsewa ba ya bin ka can, ya sake ni, na ɓullo ta bayansa na tura masa gora. Da muka fito ko kallona bai yi ba, ya ce wa budurwarsa jijiyarsa ce ta ɗaure. Maza masu ƙarfi su suka fi ba mu wahala. Ceto mafi sauƙi da na yi kuwa na wata tsohuwa ne, wadda ruwa ya kai nesa sosai, na same ta a kwance a bayanta tana kallon sama. Ta ce min ta karanta allon da ke bakin hanya, an ce a jira, shi ne take jira.

Sauran kwanakin na zagi ne. Ka ji rugugin tsawa daga nesa, sama garau a kanku, ka busa usur ka ce kowa ya bar ruwa da rairayin gaba ɗaya. Mutumin da ya tuƙo awa huɗu ya biya kuɗin otal zai zo ƙarƙashin kujerarka ya faɗa maka ra'ayinsa game da kai da ƙasar da ka fito. Ranar da iska ke busowa daga tudu kuwa, teku yakan kwanta luf, sai katifun roba su fara tafiya da masu barci a kansu. Na zagu da yaruka da yawa, kuma ban taɓa fasa busa usur don tsoron zagi ba.

Yanzu bari in zo kan mutanenmu. In mun je bakin teku, abu na farko da muke yi shi ne neman inda ba mutane. Ban ga laifinmu ba, ba wanda zai so ya shimfiɗa wa mahaifiyarsa tabarma a tsakiyar masu ɗan kamfai. Amma inda jama'a suka taru nan ne gaban hasumiya, nan ne masu ceto suka duba suka ce a shiga. Mu kuwa sai mu yi ta tafiya da kuloli har mu kai inda mai ceto ke ganinmu kamar tururuwa. Wasu ma sai bayan la'asar suke zuwa, lokacin da aka watse, wato lokacin da masu ceto ma suka sauka. Sannan da kaya muke shiga, dogon wando da jallabiya da hijabi har ƙasa, waɗanda in sun jiƙe suke naɗe ƙafa. Ba Musulmi kaɗai ba, na ga matan zumunta na wani coci da suka zo daga nan Greensboro, 'yan Jos da Kaduna, sun yi nesa da kowa suna waƙa, da zannuwansu a cikin ruwa. Kuma da yake yawancinmu ba mu iya iyo ba, inda igiya ba ta fashewa nan muke zaɓa. Duk hankalin da muka yi a tudu, shi yake kai mu bakin rif.

Shekarar da ta fi muni ita ce wadda guguwa ta yi ta wucewa can tsakiyar teku ba tare da ta taɓa mu ba. Ba hadari, ba ruwan sama, rana fes, amma igiyoyinta suna isowa da nauyi mako bayan mako. Da a ce sama ta yi baƙi da mutane sun zauna a gida. A shekarar ce surukina ya zo daga Maraɗi don ya ga jikokinsa, aka yi Babbar Sallah da shi, sai iyalan gidaje biyar suka shirya zuwa bakin teku ranar Asabar ta bayan Sallah. Suka zaɓi garin da nake aiki, suna cewa ai Isufu na can, ba abin da zai faru.

Ku da aka haifa a nan, kuna zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo, ba za ku gane yadda nake da Alhaji ba. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa Rakiya, ban taɓa faɗin sunansa ba, ko a wannan takarda ba zan faɗa ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In zan gaishe shi sai na cire takalmi na durƙusa, idona a ƙasa. In ina da magana, ta bakin wani take bi. Tun zuwansa ma nake jin nauyin ya gan ni da gajeren jan wando na aiki, har na sa riga mai dogon hannu a ranar don in ɗan rufe jikina.

Na yi wa Rakiya waya da safe na ce su zauna a gaban hasumiyata, tuta rawaya ce kuma da rana teku zai janye. Da suka iso suka ga irin shigar da ke gabana, sai suka zarce, suka yi sansani a ƙarshen yankina, wajen taku ɗari biyu daga kujerata. A daidai gabansu akwai rif da na gani tun safe, na riga na kori mutum fiye da goma daga bakinsa. Na sauka na je na gaisa, na nuna wa mazan wurin, na ce kada kowa ya wuce gwiwa kuma kada a shiga nan. Alhaji yana kan darduma can gefe yana lazimi. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi, ya ɗaga min hannu, na koma. Ban faɗa masa komai ba, na ɗauka za a isar masa.

Bayan azahar Sani, ƙanin Rakiya, ya kawo min soyayyen naman Sallah a roba. Direban babbar mota ne, shekararsa talatin, yana da mata da jaririya. Ya tsaya ƙarƙashin kujerata yana zolayata.

"Yaya Isufu, wannan aikin naku ai ko ni zan iya. A ba ni tabarau kawai."

Ban kalle shi ba, ina ƙirga kawuna. A zagaye na gaba na hango Alhaji ya tashi, ya naɗe ƙafar wandonsa, yana riƙe da farar jarka. Daga baya na ji cewa Hajiya, matarsa, ce ta yi masa saƙon ruwan teku, an ce mata yana maganin ciwon gwiwa. Ya tsaya ya dubi hagu da dama, ya ga kumfa da rairayi suna birkicewa. Yana son ruwa mai tsabta, sai ya nufi wurin da ya kwanta.

Usur yana bakina. Wallahi yana tsakanin haƙorana. Ruwa bai wuce idon sawunsa ba. Da na busa, dukan mutanen da ke bakin ruwa za su juyo, in miƙe tsaye a kan kujera in nuna shi da hannu in kore shi, a gaban 'ya'yansa da jikokinsa da abokan 'yarsa, kamar ana korar akuya daga gona. Da baƙo ne da ban ko yi tunani ba. Sai na cire usur daga bakina na ce, "Sani, yi sauri ka je ka ce wa Baba ya dawo baya, wurin nan ba kyau."

Sani ya ajiye robar ya tafi da sassarfa. Taku ɗari biyu ne a cikin rairayi mai laushi. Kafin ya ci rabi, ruwa ya kai wa Alhaji gwiwa, ya sunkuya ya kafa bakin jarka. Wata igiya ta zo ta gefe ta ɗaga shi kaɗan, da ta koma sai ta tafi da shi. A nan na busa, dogon busa na neman taimako, na yi magana a oba-oba, na diro da gora. Ina gudu ina ganin Sani yana gudu a gabana, ya faɗa ruwa da wandon jins ɗinsa. Na iske shi ruwa na ƙirjinsa, a gefen rif. Na daka masa tsawa na ce ya koma, ni zan ɗauko Baba. Ya dube ni, na ɗauka ya ji, na wuce.

Rif ɗin da kansa ya kai ni wurin Alhaji da sauri. Jamfarsa ta naɗe masa hannu ɗaya, ɗayan kuma yana riƙe da jarkar, wadda ta cika ta daina taimakonsa. Kansa na nutsewa yana ɓullowa. Na tura masa gora bai kama ba, ya ƙi sakin jarka. Na zagaya bayansa na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, na rungume shi ta ƙirji na ɗora shi a kan gora, ina yi masa ihu a kunne ya kwanta, ya daina motsi. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ga gemunsa a kan hannuna. Na ja shi gefe, igiyoyi suka taimake mu, muka fito can ƙasa da inda ya shiga. Na kwantar da shi a gefensa yana amayar da ruwa. Sai na ji Rakiya tana tambayar mutane ina Sani.

Abokin aikina na hasumiya ta gaba ya riga ya shiga, Kyaftin ta iso da mota da wasu biyu. Muka jeru muna nutso muna lalube. Da muka same shi an daɗe. Muka yi ta danna ƙirjinsa a kan rairayi har motar asibiti ta zo, suka ci gaba a hanya, amma Allah ya riga ya karɓi abinsa. Waɗanda ke tudu sun ce bayan na wuce ya tsaya kaɗan, sai ya ga kan mahaifinsa ya nutse, ya sake yin gaba. Ya iya iyo irin na kwami, irin naku. Wannan ma ku riƙe, wanda ya shiga ceto hannu wofi sau da yawa shi ake rasawa, alhali ga kuloli a tudu da za a iya jefawa.

A rahoton da na rubuta na faɗi gaskiya, na ce na gan shi tun yana bakin ruwa kuma ban busa ba. Kyaftin ta kira ni ofis ta tambaye ni dalili. Na yi mata bayanin surukuta iyakar Turancina. Ta sake tambaya, na sake faɗa. Ba ta yi faɗa ba, ta kasa ganewa ne kawai, ni ma da na ji maganar tana fita daga bakina a wannan ofis sai na ji ba ta da nauyin da take da shi a kan kujera. Ta ba ni hutun mako biyu. Na koma na ƙarasa shekarar, na ƙara wasu biyu, sannan gwiwoyina suka ce ya isa. Yanzu ina koya wa manya iyo a wani kwami kusa da Wendover, kuma abin da nake fara koya musu shi ne kwanciya a baya da kayansu a jiki.

Alhaji ya kwana biyu a asibiti saboda ruwan da ya shiga huhunsa. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki a gidana, mutane suna shigowa suna yi masa ta'aziyya, suna kuma yi min sannu da ƙoƙari, suna cewa ba don Isufu ba da biyu aka rasa. Ina amsawa, abin yana cina. Ban faɗa wa kowa a gida ba. Shi kuwa bai ce min komai ba sai amsa gaisuwa, har aka yi sadakar arba'in, aka saya masa tikitin komawa.

Ana gobe zai tafi, bayan la'asar, yana zaune a barandar gidan, ya aika a kira ni. Na cire takalmi na durƙusa a bakin matakala. Ya ce in matso. Na matsa kaɗan.

"Isufu, daga kan kujerar nan taka ana ganin inda muka zauna?"

"Ana gani, Baba."

"Ka gan ni lokacin da na tashi da jarka?"

"Na gan ka."

"Na wuni ina jin kana busa wa Turawa abin nan. Ni me ya sa ba ka busa min ba?"

Na ce, "Na ji nauyinka ne, Baba. Shi ya sa na aiko Sani."

Ya ci gaba da jan carbi, motar bas ta wuce a titi. Na jira ya zage ni, har na so ya yi.

"Da ka busa," in ji shi, "da na ji haushi ƙwarai. Da na ce 'yata ta auri marar kunya. Ina jin da na yi wata guda ban amsa gaisuwarka ba."

Ya ɗaga kai ya dube ni, karo na farko ni ma ban sunkuyar da nawa ba.

"Yau kwana arba'in da uku," ya ce. "Da yanzu na huce."